INDA AKE HAIHUWAR TAURARI

Karatu: Ayuba 38:31-33, 2 Korantiyawa 4:6-7

 Ga shi an gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, sanyi ya sauko. A wannan lokaci ne, idan hazo ya ɗan lafa, sama takan yi kyaun gani da dare. Ina roƙonku ku yi wani abu guda kafin watan nan ya ƙare. Ku fita bayan gari inda babu fitila, wajen ƙarfe goma na dare a watan Janairu, ku ɗaga kai. Kusa da tsakiyar sama za ku ga taurari uku a jere, waɗanda muke kira mafarauci da kare da zomo. Turawa suna kiran wannan ƙungiyar taurari duka Oriyon. Daga kudu da waɗannan uku akwai wasu ƙanana a jere, ba su kai su haske ba. Ku zuba ido a kan na tsakiyarsu. Za ku ga ba ya ƙyalli sosai kamar sauran, sai ka ce an shafa masa ɗan hayaƙi.

Wannan ɗan hayaƙi shi ne abin da za mu yi tunani a kansa yau. Sa'ad da Ubangiji ya amsa wa Ayuba, bai ba shi dalilin wahalarsa ba. Sai ya nuna masa waɗannan taurari, da kaza da 'ya'yanta, ya tambaye shi ko yana da ikon ɗaure su ko kwance su. Wanda ya aiki Ayuba ya dubi wannan wuri, bai hana mu duba ba. Muna duba ne domin mu san Mai halitta. Neman sa'a wurin taurari kuwa, da duba da bokanci, an riga an hana mu su cikin Kubawar Shari'a.

ABIN DA MASANA SUKA GANO

Abin nan da muke gani kamar tauraro guda, gajimare ne mai girma ƙwarai. Masana suna ce da irinsa nebula, kalmar Latin ce, ma'anarta hazo ko gajimare. Amma ba na ruwan sama ba ne. Yawancinsa wata iska ce marar nauyi mai suna haidurojin, da hiliyam, da ɗan ƙura gauraye a ciki.

Nisansa ya fi ƙarfin kilomita, don haka da tafiyar haske ake auna shi. Haske yana cin kilomita 300,000 a cikin daƙiƙa guda. Daga rana zuwa gare mu minti 8 da 'yan kai yake yi. Daga wannan gajimare kuwa zuwa idonka, shekara wajen 1,340 yake yi a hanya. Watau hasken da za ka gani daren yau ya taso tun wajen shekara ta 680, tun kafin a gina ganuwar Kano. Fāɗinsa kuma, haske yakan yi shekara wajen 24 kafin ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan.

Wani Bafaranshe mai suna Peiresc shi ne ya fara rubuta labarinsa a 1610, sa'ad da madubin hangen nesa yake sabon abu. Daga baya Charles Messier ya sa shi cikin jerin abubuwan da ya ƙidaya a sama, ya ba shi lamba 42. A 1880 wani likita a Amurka, Henry Draper, ya ɗauki hotonsa na fari. Amma shekaru da yawa masana suna gardama. Waɗansu suka ce taurari ne masu yawa waɗanda nisa ya sa suka haɗe, kamar yadda garken tumaki yakan zama fari guda idan an hango shi daga kan dutse. Waɗansu suka ce a'a, iska ce mai haske.

Wanda ya raba gardamar shi ne William Huggins, mutumin Ingila. Kun san idan haske ya bi ta gilashi mai kusurwa uku yakan rabu launi launi kamar bakan gizo. Hasken tauraro haka yake yi, launuka duka a jere. A 1864 Huggins ya bi da hasken wani gajimare ta irin wannan gilashi, bai ga bakan gizo ba, sai 'yan layuka masu haske, tsakaninsu duhu. Haka iska mai zafi take yi. Ya gwada na Oriyon kuma, ya sami haka nan. Daga nan aka tabbata akwai gajimare a sama wanda yake fitar da haske daga jikinsa.

GAJIMARE IRI UKU

Mu lura da kyau a nan, gama a nan koyarwar take. Gajimaren da ke tsakanin taurari kayansu kusan ɗaya ne, iska da ƙura. Amma wajen haske sun kasu uku.

Na fari, baƙin gajimare. Wannan ba ya ba da haske, yana ma tare hasken taurarin da ke bayansa, kamar yadda hazo mai kauri yake rufe rana a lokacin hunturu. William Herschel, wanda ya yi suna wajen duban sama, ya zaci irin waɗannan wurare ramuka ne inda babu kome. Daga baya hotunan E. E. Barnard suka nuna ƙura ce ta tare. Akwai ɗaya kusa da na gabas cikin taurarin nan uku, yana kama da kan doki, haka ma ake kiransa. Wata mace, Williamina Fleming, ita ta fara lura da shi a kan hoto a 1888.

Na biyu, gajimare mai mayar da haske. Idan an ɗauki hoton kaza da 'ya'yanta, akan ga wani shuɗin hazo kewaye da su, gwanin kyau. Dā an zaci ragowar gajimaren da ya haife su ne. Yanzu an gane ba haka ba ne. Taurarin nan sun yi shekara wajen miliyan 100, nasu gajimaren ya watse tun da daɗewa. Wannan ƙura ce kawai da hanya ta haɗa su da ita. Haskensu yana bugun ƙurar, ita kuwa tana mayar da shi. Cikinta sanyi ne, ba abin da ya sāke. Ran da taurarin suka wuce, za ta koma duhunta.

Na uku, gajimare mai fitar da haske, irin na Oriyon. A tsakiyarsa akwai manyan taurari huɗu kusa da juna, waɗanda aka haifa a cikinsa. Babban cikinsu ya fi rana nauyi fiye da sau 30, zafin fuskarsa ya kusa digiri 40,000, alhali na rana 5,500 ne. Irin wannan tauraro, yawancin haskensa ido ba ya ganinsa, gama ya wuce iyakar launukan bakan gizo ta gefen shuɗi. Amma haske ne mai ƙarfi. Kowace ƙwayar zarra ta haidurojin tana da cibiya guda da wani ɗan ƙaramin abu mai kewaya ta, ana ce da shi ilektoron. Sa'ad da ɓoyayyen hasken nan ya bugi ƙwayar, sai ya fizge ilektoron ɗin ya raba shi da cibiyar. Bayan wani lokaci sai wata cibiya ta kama shi, ya gangaro wurin zamansa mataki mataki, kamar mai saukowa daga tsani. A kowane mataki yakan saki ɗan haske. Ɗaya daga cikin matakan nan shi ne yake ba da jan launin da muke gani a hotuna. Haka abin yake ta maimaituwa ba fasawa, har iskar ta yi zafin digiri wajen 10,000. Ashe gajimaren yana karɓar haske wanda ba a gani, ya shiga cikinsa ya sāke shi, sa'an nan ya fitar da haske wanda ake gani.

In kuna so ku riƙe waɗannan uku, ku tuna da bango, da madubi, da ƙarfe a maƙera. Bango yana tare haske. Madubi yana mayar da shi, amma in ka taɓa shi sanyi ƙalau. Ƙarfe kuwa, idan ya daɗe cikin wuta, wutar takan shiga jikinsa har shi kansa ya yi ja, ya haskaka ɗakin maƙeri.

WANE IRI NE KAI?

Manzo Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa Allah ɗin nan da ya umarci haske ya fito daga duhu tun farko, shi ne ya yi irin wannan aiki a cikin zuciyar mai bi. Ku lura da wurin da ya ce aikin ya faru. A cikin zuciya ne. Wannan shi ne bambancin madubi da ƙarfen maƙera, shi ne kuma abin da nake jin tsoronsa saboda ekklesiyoyinmu.

Da yawa daga cikinmu an haife mu a gidan masu bi. Kakanninmu sun sha zagi da kora saboda sunan Yesu, mu kuwa mun tarar da ɗakin sujada a gine, da littafin waƙoƙi a buge. Mun iya waƙoƙin, mun san lokacin tashi da lokacin zama, muna da sunan baftisma. Wanda ya hango mu daga nesa zai ce ga haske. To, hasken wane ne? Na uba ne, ko na uwa, ko na pasto, ko na mawaƙan da muke zama kusa da su? Yaro yakan bar gida ya tafi makaranta ko neman aiki a birni, kafin shekara ta kewayo sai a ji ya bar sujada, ya bar addu'a. Iyaye su ce birni ya ɓata shi. Wani lokaci gaskiya ne. Amma sau da yawa birni bai kashe kome ba, tauraron ne ya yi nisa, ƙurar ta koma yadda take. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ku karanta labarin sarki Yowash cikin 2 Tarihi sura 24. Yana da shekara 7 ya hau sarauta, firist Yehoyada yana riƙe da shi. Muddin Yehoyada yana da rai, Yowash ya yi abin da ke daidai, har ya sa aka gyara Haikali. Da tsohon ya rasu, sai fādawa suka zo suka juya shi, aka koma ga gumaka. Da Zakariya ɗan Yehoyada ya tsawata musu, Yowash ya ba da umarni aka jajjefe shi a farfajiyar Haikalin da shi kansa ya gyara. Shekaru da yawa yana ƙyalli, ashe madubi ne. Haka kuma 'ya'yan Siba su bakwai a Afisa, cikin Ayyukan Manzanni sura 19. Suka ari sunan Yesu daga bakin Bulus domin su fitar da aljani, aljanin ya gane aro ne, ya fāɗa musu, suka gudu da rauni.

Akwai kuma mai zama bango. Yana cikin ekklesiya, watakila ma dattijo ne, amma saboda halinsa a kasuwa, ko yadda yake yi da matarsa, ko yadda yake riƙe kuɗin baiko, maƙwabta ba sa iya hangen Almasihu. Manzo Yohanna ya ambaci wani Diyotarifis mai son zama na gaba, wanda ya ƙi karɓar 'yan'uwa, yana kuma hana masu so su karɓe su.

Kada wani ya ce, ni talaka ne, ban yi makaranta ba, ba ni da abin da zai yi haske. Ku ji wannan labari. Cikin layukan da Huggins ya gani akwai wani kore mai haske ƙwarai, wanda bai dace da wani abu da aka sani a duniya ba. Masana suka zaci wani sabon abu ne da ba a samu sai a sama, har suka raɗa masa suna nebuliyam. Shekara 63 ana nan a haka. A 1927 Ira Bowen, a Amurka, ya nuna ba wani baƙon abu ba ne, oksijin ne, irin wanda ni da kai muke shaƙa kowace daƙiƙa. Zafin tauraro da rashin cunkoson wurin ne suka sa ya ba da launin da ba ya bayarwa a nan ƙasa. Kayan na kullum ne, wutar ce ta bambanta. Bulus ma abin da ya faɗa ke nan sa'ad da ya kwatanta mu da tukwanen yumɓu da aka zuba wa dukiya, domin kowa ya san ikon na Allah ne. Masunta ne aka fara kira a bakin tekun Galili.

A CIKIN DUHU AKE FARAWA

To, yaya tauraro yake samuwa a cikin gajimare? A nan akwai abin mamaki, akwai kuma ta'aziyya. Ba a cikin mai haske ake fara shi ba. A cikin baƙin nan ne, wanda Herschel ya zaci rami ne.

Cikin baƙin gajimare sanyi ne wanda ba mu da misalinsa, wajen digiri 260 ƙasa da sanyin da ruwa yake daskarewa. Allah ya sa wa kowane abu mai nauyi ƙarfin jan ɗan'uwansa, shi ne ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa. Iska mai zafi ba ta yarda a tara ta, ƙwayoyinta suna ta guje-guje. Sai ta yi sanyi ta natsu ne ƙarfin jan nan yake iya rinjayarta. Ƙurar da ta sa gajimaren ya yi baƙi, ita ce take kāre cikinsa daga hasken waje, har ya samu ya yi wannan sanyi. Sa'an nan wani sashi ya fara dunƙulewa, yana jawo na kewaye da shi. Yana ƙara matsuwa, cikinsa yana ƙara zafi. Yana juyawa kuma, har ragowar kayan su shimfiɗu kewaye da shi kamar faifai. Idan zafin cibiyarsa ya kai digiri wajen miliyan 10, sai ƙwayoyin haidurojin su fara haɗuwa suna zama hiliyam, suna sakin wuta. A ran nan tauraro ya kama. Irin ranarmu yakan ɗauki shekaru miliyan gommai kafin ya kai wannan matsayi. Manya sun fi sauri.

Duk wannan aiki a ɓoye yake farawa, ƙura ta rufe shi. Amma akwai wani irin haske na ɗumi, wanda ya wuce iyakar bakan gizo ta gefen ja, shi yana iya ratsa ƙura. A 1967 masana biyu, Becklin da Neugebauer, suka duba Oriyon da na'ura mai jin irin wannan haske, suka sami wani babban tauraro sabo a ɓoye cikin baƙin gajimaren da ke bayan mai hasken, inda ido ba ya ganin kome. A 1990 aka harba madubin Hubble sama da iskar duniya. Ya nuna ƙananan taurari fiye da 100 a cikin Oriyon, kowanne da faifansa na ƙura, irin wanda duniyoyi suke samuwa daga ciki. A ranar Kirsimati ta 2021 aka harba wani madubin, James Webb, wanda aka ƙera musamman domin hasken ɗumi. A 2022 ya leƙa cikin ginshiƙan ƙura na gajimaren da ake kira Gaggafa, ya nuna jarirai na taurari jajaye a gefensu. Gajimaren Oriyon kaɗai yana da taurari sababbi fiye da 2,000.

Ya ɗan'uwa mai bishara, wanda ka yi shekara goma a ƙauye, masu zuwa sujada ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, wannan maganar taka ce. Ke uwa, wadda kike yi wa ɗanki addu'a tun yana goye, yanzu ga shi da gemu bai juyo ba, taki ce. Idonmu irin na Herschel ne, mukan dubi wuri mu ce rami ne, babu kome. Ubangiji ya gaya wa Sama'ila, ran da ya je naɗa Dawuda, cewa duban mutum a kan siffa yake tsayawa, nasa kuwa yana kaiwa har zuciya. Musa ya yi shekara 40 yana kiwon tumakin surukinsa a Madayana. Yusufu ya kwana cikin rijiya da kurkuku kafin ya ga fadar Fir'auna. Ubangijinmu kansa ya yi shekara wajen 30 a Nazarat, ba wanda ya san shi sai a matsayin masassaƙi. Kada ka yanke wa kowa hukunci cewa ya ɓace, ko da wanda yake zaman bango yau. Shawulu na Tarsus baƙin gajimare ne ran da aka jajjefi Istifanas.

Kai kuma da kake cikin sanyi da matsi yanzu, ko ciwo ne, ko rashi, ko ƙiyayyar dangi saboda bangaskiya, ban ce maka wahala abu mai daɗi ce ba. Ayuba bai ji daɗinta ba. Amma ka sani zuciya mai guje-guje da alfarma ba ta tattaruwa wuri ɗaya. Sau da yawa sai an natsar da mutum, an raba shi da abin da yake taƙama da shi, sa'an nan ya nemi Allah da kansa, ba da bakin iyayensa ba.

ASHE BA A GAMA HALITTA BA?

Na san wani mai karatu zai yi tambaya, tambaya ce kuwa mai kyau. Zai ce, Littafin Farawa ya nuna an yi taurari a rana ta huɗu, Allah kuma ya huta a ta bakwai. Yaya za a ce har yanzu ana haihuwar taurari?

Ɗan'uwa, an yi Adamu a rana ta shida, amma ko a daren jiya an haifi jarirai a garinku. Ungozoma ta san yadda ciki yake girma wata wata, sanin nan nata bai hana mu zuwa coci mu gode wa Allah ran suna ba. An yi tsire-tsire a rana ta uku, amma gero yana tsirowa kowace damina. Wanda ya yi na fari shi ne ya kafa ka'idar da na baya suke bi, shi ne kuma yake riƙe da ita. Sa'ad da Yahudawa suka zargi Yesu saboda ya warkar da mutum ran Asabar, cikin Yohanna sura 5, ya amsa musu cewa Ubansa bai daina aiki ba har zuwa ranar. Cikin babban garken taurarin da ranarmu take ciki, wanda muke ganinsa kamar farar hanya ta ratsa sama, kowace shekara akan sami sababbin taurari da nauyinsu ya kai na rana ɗaya ko biyu. Game da yawan shekaru kuwa, masu bi na gaskiya sun bambanta a kan yadda za a fahimci kwanakin Farawa, kada wannan ya raba zumuntarmu. Zabura 90 da wasiƙar Bitrus ta biyu sun riga sun koya mana cewa ƙidayar lokaci a wurin Allah dabam take da tamu. Ni dai, da na ji girman waɗannan abubuwa, Allah bai ragu a idona ba. Ni ne na ragu.

GAJIMARE YAKAN ƘARE WAJEN HAIHUWA

Saura abu guda, shi ne mai wuya. Taurarin da gajimare ya haifa, su ne suke cinye shi. Haskensu da iskar da ke fita daga jikinsu suna tura gajimaren waje, suna huda rami a cikinsa. Dalilin da ya sa muke iya ganin taurarin nan huɗu na Oriyon ke nan, sun riga sun buɗe gefen da ke fuskantarmu. Kaɗan ne daga cikin kayan gajimare yake zama taurari, sauran yakan watse. Bayan 'yan miliyoyin shekaru ba za a ga gajimaren ba, sai taurarin, kamar yadda kaza da 'ya'yanta suke yau. Amma turin nan da ake yi wa iskar yakan matse wani baƙin gajimare a gaba, wani lokaci har a fara sabuwar haihuwa a can.

Ekklesiyar da Ruhu Mai Tsarki ya kunna, haka take. Ba ta iya riƙe 'ya'yanta duka a ɗaki ɗaya. A Antakiya, cikin Ayyukan Manzanni sura 13, ana cikin azumi da sujada Ruhu ya ce a keɓe Barnaba da Shawulu. Daga cikin malamansu biyar aka ɗauki biyu, aka ɗora musu hannu, aka sallame su. Ekklesiyar ta yi rashi, Kubrus da Galatiya suka sami bishara. Yahaya Mai Baftisma ya ga almajiransa suna barinsa suna bin Yesu, ya yi murna, gama ya san domin haka aka aiko shi.

Ku dattawa da shugabanni, ina tambayarku cikin ƙauna. Idan saurayi ya tashi a cikinku da baiwar wa'azi wadda ta fi taku, kuna buɗe masa hanya, ko kuna danne shi? Idan 'yarku ta ce Ubangiji ya kira ta aiki a wuri mai nisa, kuna sa mata albarka? Gajimaren da ya ce ba zai ragu ba, sai dai ya zauna baƙi.

Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya gwada kansa a daren nan. In da za a ɗauke pastonka, da iyayenka, da abokan zumuntarka, a kai ka garin da babu mai bi ko ɗaya, za ka yi addu'a da safe? In amsar ta tsorata ka, kada ka ɓoye, kada kuma ka fid da zuciya. Yesu ya gaya wa Nikodimu, wanda yake malami ne babba, cewa shi ma sai an sāke haihuwarsa. Nikodimu kuwa da dare ya zo. Ka je wurin Mai Ceto haka nan yadda kake, ka faɗi zunubinka, ka roƙe shi ya zauna a cikinka. Wanda kuma ya riga ya karɓa, ya tuna ƙarfe ba ya daɗewa da ja idan an fitar da shi daga wuta. Ka lizimci Maganar Allah, da addu'a, da tarayyar tsarkaka.

Ku fita da yaranku ku nuna musu ɗan hayaƙin nan da ke kudu da mafarauci da kare da zomo. Ku gaya musu abin da yake, da nisansa, da wanda ya yi shi. Sa'an nan ku durƙusa tare.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allah, Mai halittar sama da ƙasa, kai da ka san kowane tauraro, ka san mu. Ka gafarta mana inda muka zama bango ga maƙwabtanmu, da inda muka yi ado da hasken aro. Ka kunna wutarka a cikinmu ta wurin Ruhunka. Ka ƙarfafa bayinka masu aiki a wuraren da ba a ga amfani ba tukuna, ka ba mu zuciyar sakin waɗanda ka kira. Muna roƙo cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.